Ƙarancin iskar oksijin ga ɗan tayi

Ƙarancin oksijin kafin haihuwa yanayi ne da ɗan tayi ba ya samun isasshiyar iska ta mabiyiya. Idan haka ta faru, jikinsa yakan matse hanyoyin jinin ƙafafu, hanji da ƙoda, ya buɗe na ƙwaƙwalwa da zuciya. Wannan yana ceton rai, amma in abin ya daɗe yakan bar illa: jariri ya fito ɗan ƙarami, wani lokaci jijiyoyin jinin huhunsa su yi kauri, su ƙi sakewa bayan haihuwa, har leɓɓansa su yi shuɗi-shuɗi. Binciken David Barker a Ingila cikin shekarun 1980 ya danganta ƙarancin nauyin haihuwa da hawan jini idan an girma.

Zazzaɓin cizon sauro na cikin abubuwan da ke jawo wannan ƙarancin iska. A Kura da Bunkure, ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana kwance a gonakin shinkafa har da rani, don haka sauro ba ya yankewa. Ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro kan taru a mabiyiya, ga kuma ƙarancin jinin uwa; duka biyun kan rage iskar da ke isa ga ɗan tayi. Shi ya sa bai kamata mai ciki ta bar awo ba: a can ake ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na SP daga mako na 13, da ƙwayoyin ƙarin jini.