Rubutun gaskiya ya girmi sunansa

A laburare littattafai kashi biyu ne: ƙagaggun labarai gefe guda, sauran duka gefe guda. Wannan "sauran" nake so mu duba: tarihi, rayuwar mutane, labarin tafiye-tafiye da sharhi. Sunan da Ingilishi ya raɗa masa ma'anarsa "abin da ba ƙage ba", kuma sai a ƙarni na 19 ya bayyana, daga masu jera littattafai a laburare. Ni dai sunan bai kwanta mini ba, domin kamar a kira uba ne da "wanda ba ɗa ba".

Aikin kansa tsoho ne. Herodotus, Bagirken ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kira littafinsa da kalmar da ke nufin bincike. A Faransa, Montaigne ya fitar da maƙalunsa a 1580. Kusa da mu kuma, Ibn Battuta ya sauka Takedda, yamma da Agadas, a 1353, ya ba da labarin jan ƙarfen garin. Masana sun gano cewa ya aro wasu sassan littafinsa daga Ibn Jubair, kuma ana zarginsa a kan haka. Mai tatsuniya kuwa ba wanda zai kama shi da laifin ƙarya. Nan bambancin yake: marubucin gaskiya ya ɗauki alƙawarin cewa abin ya faru, ya kuma ba mai karatu damar tuhumarsa.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne Dorugu, yaro daga yankin Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi bawa, aka kai shi Barno, Baturen Jamus Overweg ya ƴanta shi, ya bi Barth har Tambutu, sannan Landan a 1855. A Ingila ya ba Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Wato ɗan ƙasarmu ne ya juya ido ya kwatanta Turawa, da cinsu da al'adunsu, kusan shekara 50 kafin gasar Zariya ta 1933 wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. A zuben Hausa na boko, ƙage ne baƙo.

Duk da haka yaranmu sun fi sanin Gizo da Ƙoƙi, kuma yawancinsu ba su taɓa jin sunan Dorugu ba. Yau wayar iyayensu cike take da saƙonnin WhatsApp masu kama da labari. Shi ya sa a ajina, duk rubutun da ya ce gaskiya yake faɗa, sai mun yi masa tambayar da malaman hadisi ke yi wa ruwaya: wa ya gani, wa ya faɗa wa wa, kuma yaushe?