Africus

Africus sifa ce a harshen Latin da ke nufin "na Afirka". Romawa sun kuma yi amfani da ita a matsayin sunan iskar da ke kaɗawa daga kudu maso yamma.

Asali da nahawu

Kalmar ta fito daga Afri, sunan da Romawa ke kiran mazauna yankin birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau. Bayan rushe Kartaj a shekara ta 146 kafin miladiyya, suka kafa lardi a wurin, suka kira shi Africa. Saboda haka a wancan zamanin kalmar ta fi nuni ga wannan yanki fiye da nahiyar baki ɗaya.

Sifar tana sauya ƙarshenta bisa jinsin sunan da take siffantawa: Africus ga namiji, Africa ga tamata, Africum ga jinsi na uku, wanda ba namiji ba ne ba kuma tamata ba. Misalai su ne ventus Africus (iskar Afirka), terra Africa (ƙasar Afirka) da mare Africum (tekun Afirka). Akwai wata sifa daga tushe ɗaya, Africanus, wadda ta zama laƙabin Scipio bayan ya ci Hannibal da yaƙi a Zama a shekara ta 202 kafin miladiyya.

Sunan iska

Ga wanda ke Italiya, lardin Africa yana kudu maso yamma, a tsallaken Bahar Rum, shi ya sa iskar da ke zuwa daga can ta ɗauki sunansa. Da yawan amfani aka daina faɗin ventus, sifar ta tsaya ita kaɗai a matsayin suna. Girkawa na kiran wannan iska Lips. Pliny Babba ya lissafa ta cikin manyan iskoki, yana cewa tana fitowa daga mafaɗar rana ta lokacin hunturu. An san ta da guguwa: a littafi na farko na Aeneid, Virgil ya sa ta cikin iskokin da suka tarwatsa jiragen ruwan Aeneas.

A harsunan yau

A Sifaniyanci kalmar ta koma ábrego, inda f ta zama b, c ta zama g. Ábrego iska ce ta kudu maso yamma mai kawo ruwan sama, amma daga Tekun Atlantika take shigowa Sifaniya. Ke nan sunan ya riƙe alkiblar, ya bar ma'anar yankin.