SAI MASU GIDA: YADDA ƘAUNAR TSOFAFFIN 'YAN KALLO TA KOMA GAJIYA

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ran Asabar da yamma, zai tarar da gidajen kallon ƙwallo maƙil da samari, ana ta gardama a kan Arsenal da Chelsea da Real Madrid. Da wuya ya ji an ambaci wani kulob na gida. To, amma fa ba haka abin yake ba tun asali. A waɗannan garuruwa akwai dattawan da suka yi ƙuruciyarsu kunne manne da rediyo, suna bin wasannin Kano kamar 'ya'yan cikinsu ne ke bugawa. Yau in an ɗauko musu zancen, sai su kaɗa kai su kama wata hira. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wannan ƙauna ta ƙullu, da kuma abin da ya sanyaya ta. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Me ya haɗa Ƙaura da Kano?

Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan Bazamfare da kulob ɗin Kanawa? Amsar tana cikin tarihi. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda, domin kwasar gyada da auduga. A ƙasar nan kuwa, ma'aikatan jirgin ƙasa da sojoji da 'yan makaranta su ne suka yaɗa wasan tamaula. Da aka ƙirƙiro gasar Kofin Gwamna a 1945, wadda daga baya ta zama Kofin Ƙalubale, sai da ƙungiyoyin Ikko suka yi shekara takwas a jere suna ɗauka, kuma sau huɗu daga ciki ƙungiyar ma'aikatan reluwe ce ta ci. Ba a karya wannan lago ba sai a 1953, sa'ad da 'yan wasan Kano suka doke Dynamos ta Ikko suka zo da kofin Arewa. Su ne na farko daga wajen Ikko da suka yi haka.

Daɗin daɗawa, wannan yanki namu ya zauna ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, da Jihar Sakkwato daga 1976, da Jihar Zamfara daga 1996, amma a duk tsawon wannan lokaci babu wani kulob na Sakkwato ko Gusau da ya taɓa zama zakaran ƙasa. A duk faɗin Arewa maso Yamma, birnin Kano kaɗai ne ya yi wannan bajinta. Saboda haka mai son ya ga Bahaushe ya kara da Rangers ta Inugu ko Shooting Stars ta Badun ya fita kunya, tilas ya dubi gabas.

Raccah Rovers

An fara gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ta ɗauki ta farko. Shekara shida bayan haka, watau a 1978, Raccah Rovers ta Kano ta zama zakara. A cikin wannan shekara kuma ta kara da Fluminense ta Birazil a Kaduna, inda shahararren ɗan wasan nan Pele ya sa rigar baƙin ya buga. Wanda duk ya ji wannan wasa a rediyo, ya ɗauka an kafa gidan da ba zai rushe ba. Ashe ba haka ba ne. Kafin shekarun 1980 su ƙare Raccah ta durƙushe, ta ɓace daga fage, aka bar magoya bayanta da labari. Ba su da hannu a kafa ta, ba a kuma shawarce su ba sa'ad da ta mutu. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan magana, don za mu sake cin karo da ita.

Zamanin Masu Gida

A 1990, shekarar da aka buɗe gasar ƙwararru a Nijeriya, aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars, mallakar gwamnatin jiha. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan aiki. An daɗe ana faɗi-tashi kafin haƙa ta cim ma ruwa. A 2008, ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana, Pillars ta ɗauki kofin lig, shekara talatin cif bayan Raccah.

Shekarar 2009 ita ce tsofaffin magoya baya ba sa mantawa. A gasar zakarun Afirka aka haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar, wadda ita ke riƙe da kofin a lokacin. Aka yi 1-1 a nan gida, aka je Alƙahira aka yi 2-2, sai ga Al Ahly a waje. Pillars ba ta tsaya ba sai a wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta fitar da ita. A kakar da ta biyo, wani yaro mai suna Ahmed Musa ya zuba ƙwallo 18 a raga, ya fi kowa a ƙasa, sa'an nan ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Bayan haka aka jera kofin lig uku: 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, da 2014 a hannun Okey Emordi. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama wurin da baƙo ba ya shiga ya fita da dariya. Kirarin "Sai Masu Gida" ya wuce Kano, ya shiga tashoshin mota da kasuwannin ƙasar Hausa baki ɗaya.

Namu na gida

A cikin waɗannan shekaru Zamfarawa su ma sun ɗanɗani nasu. Zamfara United, wadda gwamnatin jiha ke riƙe da ita, ta hau babban rukuni, tana karɓar baƙi a filin tunawa da Sardauna da ke Gusau. Mutumin Ƙaura yana iya hawa mota da hantsi, ya ga manyan ƙungiyoyin ƙasa da idonsa, ya kwana a gida. Sai dai daɗin bai ɗore ba. A ranar ƙarshe ta kakar 2009, tana bakin faɗawa ƙaramin rukuni, ta ci Kaduna United 9-0 ta tsira. Wannan sakamako ya jawo zargi a duk ƙasa, har magoya bayanta suka rasa bakin yin alfahari da shi. A 2011 ta faɗi, daga nan tauraronta ya dusashe. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba.

Tsayawa wuri guda

Mu koma ga Pillars. Alamar ciwo ta bayyana tun ana tsakiyar murna, sai dai ƙarar ganga ta hana a ji. A 2013 AC Léopards ta Kwango ta fitar da ita daga gasar zakarun Afirka: an ci 4-1 a Kano, aka je can aka sha 3-0. A 2014 AS Vita ta Kinshasa ce, a 2015 Moghreb Tétouan ta Maroko, a 2019 kuma Asante Kotoko ta Kumasi, wadda aka ci 3-2 a Kano ta rama 2-0 a gidanta. Kowane karo labarin ɗaya ne, a yi rawar gani a Ƙofar Mata, a je waje a zubar. Ko sau ɗaya ba a sake kaiwa matakin rukuni-rukuni ba.

A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasa wuta a kusa da Abaji, suka raunata biyar. A Agustan wannan shekara Nasarawa United ta zo Kano ta yi nasara da 2-1, ta kawo ƙarshen wasa 202 da aka yi a gida ba a sha kashi ba tun 2003. Kofin Ƙalubale da aka ɗauka a Kaduna a 2019, bayan an doke Niger Tornadoes a bugun fenariti, ya ɗan share hawaye, amma bai warkar da ciwon ba.

Daga nan sai fushi ya maye gurbin haƙuri. A 2019 'yan kallo suka kutsa fili a Agege bayan wasa da Rangers, aka ci kulob tara. Bayan zaman gudun hijira a Kaduna, aka dawo Kano a Afrilun 2022, a ranar kuwa aka farfasa motar Katsina United, hukumar lig ta zabtare maki uku ta kuma kori kulob daga gida. A ƙarshen wannan kaka, Pillars mai kofin lig huɗu ta faɗa ƙaramin rukuni. Ta dawo a 2023, amma a Oktoban 2025 aka sake yamutsi bayan wasa da Shooting Stars, aka sake zabtare maki. Wanda ya fara kallo tun zamanin Raccah ya ga wannan fim sau da yawa, ya san ƙarshensa.

Ina gizo ke saƙar?

Shan kashi kaɗai ba ya korar mai ƙauna, don kowa ya san ranar wanka da ranar dauɗa duk na ɗan wasa ne. Abin da ke kashe zuciya shi ne mutum ya ga bana kamar bara, baɗi ma ba ya tsammanin canji, kuma ba shi da ta cewa. Dalilai uku ne suka haifar da haka.

Na farko, kulob ɗin gwamnati da lalitar gwamnati yake numfashi. In gwamna mai son wasa ne a ga haske, in ya sauka a naɗa sabbin shugabanni, a sallami mai horarwa, a fara daga tushe. Shi ya sa bashin albashi da na kuɗin sa hannu ya zama ruwan dare a irin waɗannan ƙungiyoyi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyu, dogaro da cin wasan gida. A gasar Nijeriya an saba mai masauki ne ke nasara, sau da yawa saboda tsoron da alƙalin wasa ke ji. Wannan ya ɓoye raunin ƙungiya, ya kuma koya wa 'yan kallo cewa maki uku na gida haƙƙinsu ne. Ran da aka hana su, sai jifa.

Na uku, rashin ajiya. Ana sayar da gwanaye zuwa waje, amma ba a ga makarantar renon yara ko fili na kulob da aka gina da kuɗin ba.

A dubi Al Ahly, wadda aka fitar a 2009. An kafa ta tun 1907, tana da mambobi masu biyan kuɗi, su ne kuma ke zaɓen shugabanta. Daga 2012 zuwa 2024 ta ɗauki kofin zakarun Afirka sau shida. Faɗuwar da ta yi a gaban Pillars tuntuɓe ne kawai, don gininta a kan dutse yake.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa daga Raccah zuwa Zamfara United zuwa Pillars, ɗan kallo baƙo ne a gidan da ake kiransa mai gida. Yana biyan kuɗin ƙofa, yana shan rana, amma ba ya zaɓen shugaba, ba ya ganin lissafin kuɗi. Ga mutumin Shinkafi ko Zurmi kuma, rashin tsaron hanya ya ƙara nesanta shi da filin wasa, alhali tauraron ɗan'adam ya kawo masa Landan da Madrid har ƙofar gida. Bai kamata a zargi yaron da ya zaɓi abin da ya fi kusa da idonsa ba.

Shawara ga hukuma ita ce a buɗe rajistar mambobi, a ba su ƙuri'a da kujera a majalisar gudanarwa, a riƙa bayyana kuɗin shiga da na fita kowace shekara. Ku kuma ɗalibai, akwai aiki a gabanku. Mafi yawan wannan tarihi yana cikin kawunan dattawa da tsofaffin 'yan wasa, ba a rubuce ba. A je musu da alƙalami da rakoda tun suna raye, a ji yadda aka kafa ƙungiyoyin unguwa a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, da su wa suka buga, da abin da ya kashe su. Allah ya sa mu dace, amin.