Tarihin sinadaran jinin da ake kiwo a ɗakin bincike

Duk lokacin da nake koyar da darasin jini a aji, littafinmu yakan tsaya a kan jajaye da fararen ƙwayoyi. Ruwan jinin kuwa sai a wuce shi da layi guda, alhali a cikinsa ne tarihin yake.

A shekarar 1940, wani masani mai suna Edwin Cohn na jami'ar Harvard ta Amurka ya soma rarraba sinadaran furotin na ruwan jini ɗaya bayan ɗaya. Albumin da ya tace, da shi aka yi jinyar wasu sojojin da suka ƙone a harin Pearl Harbor, a Disamba 1941. Daga baya aka tace wani da ake kira Fakta 8, mai taimaka wa jini ya daskare. Yaron da aka haifa babu shi, ƙaramin rauni sai ya yi ta zuba. Likitoci na kiran ciwon emofili. Iyaye, a kula: sau da yawa wajen kaciya ake fara gane shi, don haka idan an taɓa ganin irin wannan zubar jini a dangin uwa, a ga likita kafin a kira wanzami.

To, ga inda gizo yake saƙa. Don a samu maganin da yawa, a shekarun 1970 sai aka riƙa haɗa ruwan jinin dubban mutane wuri guda. Mutum ɗaya mai cuta ya isa ya ɓata duka. Da sida ta ɓullo, maganin ya zama ajalin masu shan wahalar. A Faransa, an yanke wa Michel Garretta, shugaban cibiyar ƙarin jini ta ƙasa, ɗaurin shekara huɗu a 1992. A Birtaniya, rahoton binciken 2024 ya ce fiye da mutum 30,000 suka kamu da sida ko ciwon hanta ta hanyar jini da magungunansa. A ganina sakacin hukuma ya fi rashin sani yawa a wannan lamari.

A 1984 masana suka kwafo ƙwayar gadon da ke ba jiki umarnin yin Fakta 8. Aka dasa ta cikin ƙwayoyin halittar wata dabba dangin ɓera, ana kiwonsu cikin manyan tankuna, suna fitar da sinadarin mutum. Amurka ta amince da maganin a 1992.

Masu bincike ma sun ci riba, don abin da aka kiwata yau daidai yake da na gobe, gwaji ba ya canjawa saboda an canja mai ba da jini. A 2011 kuma, masana a jami'ar Wuhan ta ƙasar Sin suka fitar da albumin na mutum daga ƙwayar shinkafa, kusan giram uku a kowane kilo.