Sunan Agadas a Kasuwar Azurfa: Yadda Aka Gina Shi

A birnin Paris, a shekarar 1847, wani maƙerin kayan ado mai suna Louis-François Cartier ya karɓi shagon maigidansa ya ci gaba da aiki da nasa sunan, kuma har yau sunan nan ake fara biya kafin a biya nauyin zinariyar. Haka yawancin manyan gidajen kayan ado na Turai suka tashi: mutum ɗaya, shago ɗaya, sannan ƴaƴa da jikoki su riƙe sunan su faɗaɗa shi. Wanda ya nemi irin wannan gida a Nijar, daga Cadakori har Yamai, yana iya cewa babu. Amma akwai suna guda da ya fita daga ƙasar nan ya shiga shagunan Turai da Amurka, wanda mai saye kan gane kayansa da ido tun kafin a gaya masa, shi ne sunan Agadas. Wannan suna gina shi aka yi, mataki bayan mataki, cikin shekarun da za a iya ƙirgawa, kuma akwai hukumar da ta aza masa harsashi a 1959. Ginin ya yi kyau. Damuwata ita ce ƙofarsa baƙi take kallo, kuma har yanzu makullin bai shiga hannun masu hura wutar ba.

Sana'ar kanta ta girmi sunan nesa ba kusa ba. A ƙasar Hausa an daɗe da raba maƙera gida biyu: maƙeran baƙi masu fartanya da gatari da lauje, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda ke yi wa mata awarwaro da munduwa da zobe da ƴan kunne, su yi wa dawakin sarakuna kayan ƙawa. A wajen Abzinawa kuwa maƙera, da ake kira inadan, zuriya ce ta daban. Mazan na aikin ƙarfe da itace, matan na aikin fata, kuma kowane gidan maƙera yana jingine da gidan wasu manya da yake yi wa aiki, a saka masa da hatsi ko dabba ko sutura. Maƙerin wancan zamani ba ya ƙera abu ya ajiye yana jiran mai saye. Mace ce za ta zo da azurfarta, ta faɗi abin da take so, ya narka ya zuba. Azurfar kuma kuɗi ce ake narkawa, musamman manyan kuɗin Ostiriya masu hoton sarauniya Mariya Tereza, waɗanda aka yi ta bugawa da shekarar 1780 a jikinsu da daɗewa bayan rasuwarta, daga baya kuma kuɗin azurfar Faransa mai tamma biyar. Kalmar dala da ƴar talla ke ƙirga ciniki da ita a kasuwar Gidan Rumji ragowar zamanin waɗannan kuɗi ce. Bai kamata mutumin Gobir ya ji labarin nan kamar na wasu can nesa ba. Tarihin bakin Gobirawa, masu fada a Tibiri, yana cewa sun zauna a Abzin kafin su gangaro kudu, ayarin raƙuma ya yi ta sauke gishirin Bilma a ƙasar Hausa yana komawa da gero, kuma Hausa ce harshen kasuwar Agadas.

Abin wuyan da ya ɗauki sunan garin zubi ne. Maƙeri zai murza kakin zuma ya fitar da siffar, zobe a sama, jiki mai kusurwa huɗu a ƙasa, ya lulluɓe shi da laka, ya sa a wuta har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin da kakin ya bari. In ta huce sai ya fasa lakar, saboda haka kowane zubi tilo ne. Sauran aikin na magagari ne da ɗan ƙarfen zane mai tsini, kuma a nan ake bambanta gwani da ɗan koyo. Abzinawa na kiran abin teneghelt, suna mai alaƙa da zuba narkakken ƙarfe. Turawa ne suka kalle shi suka ga kamar gicciye, suka raɗa masa croix d'Agadez, wato kuros ɗin Agadas. Wasu a cikinmu kan ɗaga gira da jin wannan suna, suna tambaya ko alamar wani addini ce. Masana sun yi ta saɓani kan asalin siffar, amma masu ƙera ta da masu rataya ta Musulmi ne, a garin da babban masallacinsa ya samo asali tun ƙarni na 16, kuma ado suka ɗauke ta da dukiyar mace. Sunan kuskuren baƙo ne, sai dai kuskuren ya yi wa kasuwa aiki: gajere ne, yana da sauƙin tunawa, kuma ya ɗaure kayan da wuri guda a taswira.

Matakin da ya sauya komai ya faru ne a Yamai. A watan Disambar 1959, ana dab da samun mulkin kai, aka buɗe gidan tarihi na ƙasa, wanda yau ke ɗauke da sunan Boubou Hama, malami kuma marubucin da ya tsaya wa kafa shi. Shugaban gidan na farko, Pablo Toucet, bai so wurin ya zama ɗakin ajiyar tsofaffin kaya kawai ba. Tun shekarun farko aka ware wa masu sana'ar hannu rumfuna a cikin harabar, maƙera da dukawa da masaƙa, suna aiki a idon jama'a, ana sayar da abin da suka yi a nan take. A ganina wannan ita ce ranar kafuwa, domin a nan abubuwa uku suka haɗu da ba su cika haɗuwa a da ba. Maƙeri ya samu wurin zama da ba inuwar ubangida ba. Ya koma ƙera kaya da nasa jarin yana jiran wanda bai taɓa gani ba. Mai saye kuma, jakada ne ko malamin makaranta daga Faransa ko ma'aikacin gwamnati mai neman tsaraba, ya samu adireshin da zai koma gobe, ya kuma kwatanta wa abokinsa. Abin da Cartier ya yi da shagonsa ke nan, sai dai a nan ƙasa ce ta buɗe shagon, kuma sunan da aka rataya na al'umma ne.

Girman da ya biyo baya wahala ce ta tura shi. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobin Abzinawa, manyan da ke ciyar da maƙera suka rasa abin bayarwa, maƙeran suka nufi Agadas da Arlit da Yamai da zuga-zuginsu. Sai suka tarar da sababbin masu saye: ma'aikatan haƙar uraniyom, ƴan yawon buɗe ido masu zuwa ganin duwatsun Abzin da saharar Tenere, da jama'ar tseren motocin Paris zuwa Dakar da ya riƙa ratsa Agadas tun 1979. Cikin wannan kasuwa jerin kuros ashirin da ɗaya ya kafu, kowanne da sunan gari ko yanki, irin su Agadas, Iferwan, Ingal, Timiya, Bilma, Tawa, Madawa da Damagaram, ana jera su a allo guda a sayar. Bayan Mano Dayak, wanda ya yi fice wajen kawo baƙi Abzin kafin ya shiga tawaye, ya rasu a haɗarin jirgi a Disambar 1995, aka ƙera wani sabo da sunansa. A nan masu suka ke cewa ai abin ƙirƙira ne, an yi shi don baƙo, har da labarin da ake ba mai saye cewa uba ne ke miƙa wa ɗansa shi a matsayin alamar kusurwoyin duniya huɗu. Gaskiya ne da yawa daga cikin siffofin ba su da tsufan da ake jingina musu. Amma ƙirƙirar sabuwar siffa aikin mai zane ne, kuma babu wanda ke zargin gidan kayan ado na Paris da ƙarya don ya fito da sabon samfuri kowace shekara. Laifin yana wurin sayar da sabo da sunan tsoho. Maƙerin da ya zana kuros ɗin Mano Dayak ya yi abin da ya cancanci a san shi da shi.

Shekarun 1990 sun zo da faɗuwa da tashi a lokaci guda. Tawaye ya kori baƙi daga arewa har zuwa yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilun 1995. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, azurfar da ake shigowa da ita ta yi tsada, kayan Nijar kuma suka yi araha ga mai kuɗin waje. A Yamai aka gina ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata da tallafin ƙasar Luksambur, aka yi irinsa a manyan biranen jihohi har da Maraɗi. Mai tsara sutura Alphadi ya kai bikin nuna sutura na FIMA cikin sahara a Tigidit a 1998. A cikin shekarun ne kuma kamfanin Hermès na Paris, wanda ya faro daga ɗinkin kayan doki a 1837, ya fara sa maƙeran Agadas suna yi masa kawunan bel da wasu ƙananan kayan azurfa. Wannan shaida ce babba cewa hannun maƙerin Abzin ya kai duk inda ake so ya kai, amma bel ɗin da aka sayar a Paris sunan kamfanin yake ɗauke da shi. Abin da ya fi faranta mini rai a wannan zango ƙarami ne: maƙera sun fara zana sunayensu da haruffan Tifinagh a bayan kayan. Daga nan sunayen gidaje suka soma fitowa daga inuwar sunan gari. Iyalan Koumama na Agadas suna kai kayansu babbar kasuwar sana'ar hannu ta Santa Fe a Amurka, suna kuma sayarwa ta intanet. A 2006 jami'ar Stanford ta shirya baje kolin fasahar Abzinawa, inda aka gabatar da maƙeri Saidi Oumba da matarsa Andi Ouhoulou da sunayensu da tarihin aikinsu, kamar yadda ake yi wa kowane mai fasaha.

Suka mafi nauyi ita ce kasuwar da ta dogara da baƙo tana mutuwa ranar da baƙo ya daina zuwa, kuma ba ni da ja a kanta. Tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009, sannan sace mutum bakwai a Arlit a Satumbar 2010, sun yanke ƙafar masu yawon buɗe ido. Ko da UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, masu zuwa kallonsa sun riga sun yi ƙaranci. Sunan dai bai mutu ba, amma duk mai so yana cin moriyarsa. Ana sayar da kuros ɗin Agadas a kasuwannin Marrakesh da Dakar da shagunan intanet, wasu na azurfa, wasu na gaurayen farin ƙarfe da ba ya ɗauke da azurfa ko kaɗan, kuma mai saye ba shi da hanyar tantancewa. Gidan tarihi ya ba sana'ar shago da suna, bai ba ta hatimi mai ƙarfin doka ba. A Ingila tun 1300 doka ta wajabta a gwada azurfa a buga mata alama kafin a sayar, kuma lambar 925 da ake gani a jikin zobe tana nufin kashi 925 cikin dubu azurfa ce zalla. Wannan amana ce ke sa mutum ya biya kuɗi mai yawa a kan abin da bai iya gwadawa da kansa ba.

Ga mutanen Maraɗi batun ya zo har gida. Akwatin lefe a Agiye ko Gazawa yau cike yake da sarƙa da ƴan kunnen da aka shigo da su, masu hali su nemi zinariyar Dubai, marasa hali su sayi ta kanti mai kama da ita, maƙerin fari kuwa aikinsa ya fi karkata ga gyaran abin da ya karye da zoben azurfa na maza. Ƙasar da ake haƙar zinariya a Jado tun 2014, da a Ɗan Isa cikin jihar nan tun 2021, tana fitar da ita ɗanya, ta sayo ta ƙerarriya. Wani zai ce sa wa kaya suna ɗabi'ar Turawa ce, Bahaushe da kunyarsa ba ya tallar kansa. Kasuwanninmu sun ƙaryata wannan tun da daɗewa. Abzinawa sun yi ƙarnuka suna neman rawani ɗan Kura, baƙin rini mai sheƙi daga garin Kura kusa da Kano, suna biyansa da tsada saboda sunan. A ƴan shekarun nan kuma Nijar ta yi wa kilishi da albasar Galmi rajista a hukumar kare mallakar fasaha ta OAPI mai mazauni a Yawunde, aka yi wa cuku da fatar jar akuyar Maraɗi tambarin haɗin gwiwa. Hanyar da fata ta bi azurfa ma za ta iya bi. Abin da ake bukata ma'auni ne na gaskiya, da kayan gwajin azurfa a ƙauyen masu sana'ar hannu, da littafin da za a rubuta sunan kowane maƙeri da alamarsa, da wanda zai hukunta mai algus. Na ƙarshen nan ba sai an ƙago shi ba, domin a fadojin ƙasar Hausa sarautar Sarkin Maƙera tana nan, kuma maƙeran gari sun saba kai masa ƙara.