Wa Ke Zaɓen Faifai? Rediyo, Kiɗan Karkara da Muryoyin Ƙasar Yawuri

Nazarin waƙar baka a ƙasar Hausa ya daɗe yana mai da hankali kan mutum biyu: makaɗi da wanda ake yi wa waƙa. Kundin digirin Ɗandatti Abdulƙadir na 1975, da littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗa da mawaƙa, da Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa wanda ya fito a 2006, duk sun yi mana hidima babba a wannan fanni. Amma akwai mutum na uku da ba mu cika waiwayarsa ba, shi ne ma'aikacin gidan rediyo da ke zaune a ɗakin watsa shirye-shirye, yana ɗaukar wannan faifai yana ajiye wancan. Da'awata a nan ita ce, abin da a yau muke kira “waƙoƙin gargajiya” bai sauko mana yadda kakanni suka bar shi ba. Hannun wannan ma'aikaci ne ya tace shi, kuma ƙasar Yawuri tana cikin wuraren da aka fi ganin abin da tacewar ta ɗauka da abin da ta zubar.

Zan fara da Amurka, domin a can an rubuta tarihin wannan mutum dalla-dalla. Kiɗan da suke kira kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar kudancin ƙasar, rediyo ne ya raine shi. A 1924 tashar WLS ta Cikago, mallakar kamfanin Sears mai sayar wa manoma kaya ta gidan waya, ta buɗe shirin kiɗan ƙauye na daren Asabar. A ranar 28 ga Nuwamba 1925, mai gabatarwa George D. Hay na tashar WSM ta birnin Nashbil ya ajiye wani tsohon mai goge, Jimmy Thompson, gaban makirfo. Daga nan aka sami shirin da ya ɗauki sunan Grand Ole Opry a 1927, wanda har yau bai daina fita ba. Ita ma WSM ta wani kamfanin inshora ce, kuma dillalansa suna shiga gidajen talakawa da sunan shirin a bakinsu. Ke nan tun ranar farko ciniki da kiɗa tare suka taso.

Hay bai tsaya ga gabatarwa ba. Shi ya laƙaba wa ƙungiyoyin makaɗan sunaye masu ƙamshin ƙauye, aka riƙa ɗaukar hotonsu cikin tufafin gona, alhali da yawansu masu sana'a ne mazauna birni. Ƙauyen da mai sauraro ya ji a akwatinsa, ƙauye ne da aka tsara a ofis. Bayan yaƙin duniya na biyu, da faifai ya fara maye gurbin makaɗan da ke zuwa tasha da kansu, sai ƙarfin ya koma hannun mai sa faifan. A 1952 WSM ta fara tara waɗannan ma'aikata a taron shekara-shekara, a 1958 aka kafa ƙungiyar masu harkar kiɗan kantiri, wadda ta ƙirga tashoshi 81 kacal da suka keɓe kansu ga wannan kiɗa a 1961. Yau sun haura 2,000. Ralph Emery ya riƙa kwana a WSM daga 1957 zuwa 1972 yana hira da mawaƙa, Bill Mack kuma daga 1969 ya zama abokin tafiyar direbobin manyan motoci a tashar WBAP ta jihar Teksas. Jim Reeves, wanda muryarsa ta cika gidajen rediyon Nijeriya shekaru da dama bayan rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a 1964, shi kansa mai gabatarwa ne a tashar KWKH kafin ya shahara da waƙa.

Abin da ya fi damuna a wannan tarihi shi ne wanda aka rufe wa ƙofa. Banjo, kayan kiɗan da ake ɗauka tambarin kantiri, bayi ne daga Afirka ta Yamma suka kai asalinsa Amurka. Duk wanda ya san gurmi ko garaya zai gane danginsu ne. DeFord Bailey, baƙar fata, yana cikin taurarin farko na Grand Ole Opry, amma a 1941 aka sallame shi, aka ce rikicin haƙƙin mallakar waƙoƙi ne sanadi. Ya ƙare yana sana'ar goge takalma, kuma sai a 2005, shekara 23 bayan mutuwarsa, aka sa sunansa a zauren karrama gwanayen wannan kiɗa. A 1966, da kamfanin RCA ya aika wa tashoshi faifan farko na Charley Pride, bai haɗa da hotonsa ba, don kada masu sa faifai su ga launin fatarsa su ajiye shi. Kiɗan da jinsi biyu suka gina tare ya wayi gari ana kiransa na Turawa zalla, kuma a teburin zaɓen faifai aka yi babban ɓangaren wannan aiki.

A Arewacin Nijeriya hanya ta bambanta, domin hukuma ce ta kawo rediyo. An fara da akwatin da ake ja wa waya zuwa gidaje da dandali, wanda ya isa Kano a 1944, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008 kan kafafen watsa labarai a Kano. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957. A 1962 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda gwamnatin soja ta haɗe ɓangaren rediyonsa cikin Rediyon Tarayya a ƙarshen shekarun 1970. Manufar a bayyane take: a sami murya guda da za ta haɗa Arewa, daga Borno har bakin Kwara. Zuwan ƙaramar rediyo mai batir ya cika wannan buri. Manomin albasa a bakin kogi, da Basarken da ke gyaran taru, da direban da ya taso daga Kwantagora zai bi ta Yelwa da Koko da Jega zuwa Sakkwato, duk tasha ɗaya suke kamawa.

A wannan tasha ne waƙar fada ta fita daga fada. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, Salihu Jankiɗi ya yi wa Sarkin Musulmi, Musa Ɗanƙwairo ya taso daga Maradun. A da, sai wanda ya je ƙofar fada ko ya halarci hawan salla zai ji su. Rediyo ya kai su kunnen talakan da bai taɓa taka garuruwansu ba. Haka Mamman Shata da kalangunsa, da Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, wanda Waƙar Karen Mota tasa ta yi wa ma'aikatan tashar mota irin abin da kantiri ya yi wa direbobin Amurka, da Ɗan'anace na 'yan dambe, da Barmani Coge ta amada. Yawuri ma ta sami rabonta. Aliyu Ɗandawo, wanda ya fito daga Shuni ya zauna Argungu kafin ya tare a Yawuri, da ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo, sun sa sunan garin a bakin mutanen da ba su taɓa ganin kogin Neja ba. Mai gabatarwa a nan ya yi aikin da sanƙira ke yi a gaban makaɗi: shi ke share fage, ya faɗi sunan mai waƙa da garinsu da wanda aka yi wa, ya ɗaga darajar abin kafin a ji shi.

Shirin Zaɓi Sonka ya cancanci nazari na kansa. Mai sauraro ya sayi kati, ya rubuta sunansa da na waɗanda yake gaisarwa, ya zaɓi waƙa, ya aika. Har ƙungiyoyin masu zaɓe aka kafa a garuruwa, mutane suka san juna ta iska kafin su haɗu ido da ido. Ga mutumin ƙauye, jin an ambaci sunansa da na garinsu daga Kaduna ba ƙaramin abu ba ne. Shaida ce cewa ana lissafi da shi a ƙasa. Sai dai a lura da iyakar wannan 'yanci. Mai kati yana zaɓe ne daga cikin abin da ya riga ya ji, abin da ya ji kuwa shi ne abin da ke cikin ɗakin ajiyar faya-fayan tashar. Waƙar da ba a taɓa ɗauka ba, babu mai neman ta a kati, rashin neman kuma sai ya zama hujjar cewa ba a son ta.

A nan ne batun Yawuri ya yi nauyi. Masarautar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Akwai Gungawa mazauna tsibirai da gaɓar kogi, da Kambari a ƙasar Ngaski da Wara, da Shangawa waɗanda harshensu ɗan gidan Mande ne, da Dukkawa da Lopawa, ga Sarkawa masunta, ga Fulani makiyaya. Kowace al'umma da kiɗanta na noma, na aure, na kokawa, na tuƙin jirgi. Rediyon Kaduna yana magana da Hausa da Ingilishi, yana ba Fulatanci da Barbarci da Nufanci lokaci. Ƙananan harsunan bakin Neja ba su shiga wannan jeri ba. Kuma shekarun da tashar ke kafuwa su ne shekarun da aka gina madatsar Kainji, daga 1964 zuwa 1968. Tafkin ya haɗiye tsibirai da garuruwa, aka tayar da mutum kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai, Gungawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Waƙar aiki tana rayuwa ne tare da aikin da wurin da suka haife ta. Lokacin da al'umma ta bar tsibirin kakanninta, a lokacin ne waƙoƙinta suka fi bukatar na'urar ɗaukar murya, kuma a daidai lokacin akwatin da ke rataye a sabon gida yana koya wa yaranta cewa kiɗan gargajiya shi ne taushi da kotso da kalangu cikin harshen Hausa. Masana harsuna sun daɗe suna nuna yadda Gunganci da Shanganci ke ja da baya a gaban Hausa. Kasuwa da makaranta da auratayya da addini duk suna da hannu a ciki, kuma ina ganin rediyo ma yana da nasa kason, wanda ba mu auna ba tukuna.

Za a iya ce mini na ɗora wa ma'aikacin rediyo kayan da ba nasa ba. Tasha guda ba za ta iya ɗaukar harsunan Arewa sama da ɗari ba, Hausa ce kowa ke ji, kuma ba don waɗannan ma'aikata ba da muryar Narambaɗa kanta ta bi shi kabari. Wannan gaskiya ne, kuma ina girmama su a kan haka. Abin da ya faru a Amurka wariyar launin fata ce da gangan. Abin da ya faru a nan ƙarancin lokaci ne da kuɗi da kuma manufar haɗa kan yanki. Ban daidaita niyyoyin biyu ba. Amma sakamakon ya yi kama ta fuska guda: abin da aka sa a iska ya zama shi ne gado, abin da aka bari ya koma kamar bai taɓa wanzuwa ba. Kuma uzurin tasha guda ya daɗe da faɗuwa. An sami Rima Radio a Sakkwato, an ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 da nata gidan rediyo, dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, har aka sami irin su Freedom Radio a Kano a 2003. Tashoshi sun yawaita, sai dai yawan tasha ba ya haifar da yawan murya da kansa. Amurka ta shaida haka bayan dokar sadarwa ta 1996, lokacin da kamfani guda ya mallaki tashoshi sama da 1,200, aka riƙa tsara jerin waƙoƙi daga hedikwata, mai gabatarwa na gari ya rasa ta cewa. A wurinmu, tashar da ke rayuwa da talla za ta sa waƙar fim da kowa ya sani, don ita ce ba ta da haɗari. Mai tura waƙoƙi a waya da ke zaune da kwamfutarsa a bakin kasuwa, wanda shi ne sabon mai zaɓen faifai, shi ma abin da ke hannunsa yake turawa.

Akwai kuma asarar da ta shafi su kansu ma'aikatan. Amurkawa sun kafa zauren karrama masu sa faifan kantiri tun tsakiyar shekarun 1970, suna da tarihin rayuwarsu da muryoyinsu a ajiye. Mu kuwa mun riƙe sunayen 'yan wasan kwaikwayo irin su Usman Baba Pategi na Samanja, da marubuta irin su Yusuf Ladan, amma waɗanda suka ɗauki rikoda suka bi makaɗa garuruwansu, suka yanke shawarar wace waƙa za ta fita da safe wace da dare, tarihin adabinmu bai ba su babi ba. Su ne suka san dalilin da ya sa aka ɗauki wane aka bar wane, da waƙar da aka hana fita da wanda ya hana. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, faya-fayan zare kuma ba sa jure zafi da ƙura har abada.

Yawuri tana da abin da ake bukata don fara gyara. Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, ya san darajar ajiye tarihi. Bikin Rigata yana tara al'ummomin bakin ruwa da jiragensu da makaɗansu wuri guda. Ina kira ga masarauta da sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi su haɗa hannu su ɗauki waɗannan waƙoƙi da harsunansu na asali, tare da sunan mai waƙa da garinsu da lokacin da ake yin ta. Su nemi tsofaffin masu gabatarwa da suka rage a Kaduna da Sakkwato su yi hira da su tun suna da ƙarfin magana. Gidajen rediyon jihar Kebbi kuma su ware ko da sa'a ɗaya a mako ga kiɗan Gungawa da Kambari da Shangawa, su damƙa shirin a hannun ɗan ƙasar da ke jin harshen.