Burkutu: yadda tsiron dawa ke zama giya

Burkutu giya ce da ake dafawa a gida da dawa, wani lokaci a haɗa da gero. A Ghana ana kiran irinta pito, a Burkina Faso dolo, a Kamaru da Chadi kuma bilbil.

A ƙasar Hausa an fi danganta ta da Maguzawa da wasu al'ummomin da suka daɗe kan addinin gargajiya. Daga cikinsu akwai Warjawa, waɗanda ke zaune a yankin Birnin Kudu, a kudancin jihar Jigawa, da kuma ƙasar Warji ta jihar Bauchi, jihar da ita ma Gwaram ke iyaka da ita. A al'adance mata ne ke dafa ta, domin gayya da bukukuwa.

Musulunci dai ya haramta giya, kuma tun shekarar 2000, lokacin da gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, shanta laifi ne ga Musulmi a Jigawa.

Matakan dafawa

Ana jiƙa dawa kwana ɗaya, a baza ta a inuwa a lulluɓe, ana yayyafa ruwa har kwana huɗu ko biyar. Idan ta tsiro sai a shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa. Bayan ta huce akan zuba ragowar wadda aka yi a baya, a bar ta kimanin kwana biyu.

Tsiron ne ke mayar da garin hatsi sukari, sannan ƙwayoyin yis su mayar da sukarin barasa. Ƙarfinta kan kai kashi 3 zuwa 6 cikin 100, kuma ba ta wuce 'yan kwanaki ba tare da ta lalace ba.

Inda sababbin hannu ke kuskure

Akasarin matsalar daga tsiron take. Dawar da ba ta bushe sosai ba takan yi fumfuna, wadda ke iya haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita gaba ɗaya.

Haka kuma saiwa da hudar tsiron na ɗauke da sinadarin da ke rikiɗewa ya zama gubar sayanayid. Makiyaya sun san wannan tun da daɗewa, don ita ce ke kashe saniyar da ta ci gyauron dawa. Shi ya sa ake murje tsiron a sheƙe kafin niƙa.

Sai kuma mazubi. A kudancin Afirka likitoci sun gano ƙarfe ya taru fiye da kima a hantar waɗanda suka daɗe suna shan giyar da aka dafa a gangar ƙarfe.

Wannan bayani bai tsaya ga mashaya kaɗai ba. Masu kunun zaƙi da yawa da tsiron hatsi suke zaƙaƙa shi, kuma kunun da ya kwana biyu cikin zafi yakan fara tsami da kumfa ta wannan hanyar.

Bayan da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanoni ma sun koma ga dawa, har da wajen yin lemun malt marar barasa.